Wata Tara Ina Koyon Goge a Yamai

Tambayar wata yarinya 'yar ajina ce ta jawo komai. Ni malamin firamare ne, mushe kamar yadda yara ke kiran mu a Nijar, shekara goma sha bakwai ke nan ina riƙe da alli. Ran nan muna darasin waƙa, na zana musu kayan kiɗa a allo da sunayensu na Faransanci yadda suke a littafi, sai ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, wanda kakana yake kaɗawa mai gashin doki fa, me sunansa?" Na ce mata goge. Ta ce to a zana shi ma. Na juya ga allo, hannuna ya tsaya. Ban san ta inda sanda ke shiga ƙwaryar ba, ban san yadda ake ɗaure tsirkiyar ba, ko ramin da ke jikin fatar ban iya tuna gefen da yake ba. Ga ni haifaffen Tawa, garin fitaccen mai goge Ɗan Gurmu, na tashi ina jin gogensa a rediyon mahaifina ta Muryar Sahel, amma ban taɓa riƙe goge a hannuna ba. Abin ya tsaya mini a rai har na koma gida.

Wani abokin aikina, Bazabarme mai kaɗa gita a fada, wato majalisar samari, da dare, shi ya ce in je cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya, wadda mutanen Yamai suka fi sani da CFPM. An buɗe ta wajen 1990 da tallafin asusun Turai na raya ƙasashe, aka sa mata sunan marigayi Elhaji Taya, ɗaya daga cikin fitattun mawaƙan zamani na ƙasarmu. Na sha jin labarinta, amma a zatona wurin samari ne masu burin fita a talabijin. Na je wata Laraba da yamma a cikin Oktoba, ba a daɗe da komawa lakol, wato makaranta, ba.

A ofis aka rubuta sunana da aikina, aka tambaye ni abin da nake son koya. Da na ce goge, mai rubutun ya ajiye biro ya sake duba na. Ya ce yawancin masu zuwa gita suke nema, ko piyano, ko gangunan zamani. Kafin ya haɗa ni da kowa sai ya ce in biyo shi in ga ɗakin da ake ajiye kayan kiɗan gargajiya. Nan na tsaya kusan awa guda. Ga kalangu, ga ganguna manya da ƙanana, ga algaita da kakaki, ga gurmi, ga molon Zabarmawa, ga sarewar Fulani. Na ga imzad na Abzinawa, ɗan'uwan goge, wanda mata ne ke kaɗa shi, kuma UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2013 da sunan Nijar da Mali da Aljeriya. Rabin abin da ke ɗakin ban san sunansa ba, ni da nake koya wa 'ya'yan mutane.

A nan ne aka ba ni labarin biram dalla-dalla, labarin da ba wanda zai yi wata guda a cibiyar bai ji shi ba. Biram kayan kiɗa ne na Buduma masunta na tafkin Chadi, mai tsirkiya biyar, siffarsa kamar kwalekwale. Ya kusa ɓacewa, saura tsoho guda mai suna Bukar Tar da ya iya shi. Malam Maman Barka, ɗan Tasker, wanda ya yi aiki a cibiyar kuma ya riga ya yi suna da gurmi, ya samu tallafin UNESCO a 2002, ya tafi bakin tafki ya zauna wurin tsohon ya koya. Daga baya ya zagaya ƙasashe da biram, har Allah ya yi masa rasuwa a Nuwamban 2018. Abin da ya fi kama ni a labarin shi ne shi ma malamin makaranta ne tun farko, kuma shi ba Buduma ba ne. Na fito daga ɗakin da ƙarfin gwiwar da ban shiga da shi ba.

Malamin da aka kai ni wurinsa dattijo ne daga ƙasar Arewa ta nan Nijar, wajen Dogon Dutsi. Kowa Baba yake ce masa, ni ma haka na bi. Na same shi a kan tabarma a inuwa yana murza wani abu a tafin hannu. Na durƙusa na gaishe shi, muka yi ta gaisuwa har ta ƙare. Sannan ya ce, "Gado ne ko haye?"

Na ce, "Haye ne, Baba. Mahaifina fataucin albasa ya yi."

"Shekara nawa?"

"Arba'in da ɗaya."

Ya yi shiru kaɗan. Ya ce, "An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma sandar goge da busasshe ake yin ta. Zo ran Asabar, Mushe."

Ran Asabar na zo da zumuɗin riƙe goge, sai ya miƙo mini 'yan sanduna biyu ya nuna mini ƙwarya a kife. Mai goge ba ya kiɗa shi kaɗai, 'yan ƙwarya ne ke riƙe masa ƙafar kiɗin, shi kuma ya yi yawo a kai. Baba ya ce shi ma da ƙwarya ya fara a bayan mahaifinsa, shekaru yana bi kafin a bar shi ya taɓa izga, wato bakan da ake goga goge da shi. Mu ba za mu yi shekaru ba, amma mako shida na yi ina dukan ƙwarya tare da wasu samari biyu, ɗaya tela ɗaya ɗalibin jami'a. Ba takarda, ba rubutu. Zai fara kiɗi, mu shiga. In muka yi gaggawa ya ɗaga gira, in muka ja baya ya buga ƙafa. Wuyar abin a wurina ita ce na saba da ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu kamar yadda aka koya mana a makarantar horar da malamai, alhali kiɗin nan sau da yawa hannun dama na tafiya uku-uku, na hagu na tafiya biyu-biyu, a lokaci guda. Muddin ina ƙirgawa sai in ɓata. Ranar da na daina ƙirga na bar kafaɗata ta bi telan da ke gefena, ranar ce Baba ya kai ƙarshen kiɗi bai ɗaga gira ba.

Sai cikin hunturu ya ce lokacin goge ya yi, kuma ni zan haɗa nawa. Wannan shi ne sashen da na fi jin daɗi a duk wata taran nan, don haka bari in tsaya a kai.

Mun fara da kumbo, wato ƙwaryar da ke zama cikin goge. Muka tafi kasuwar Katako tare, Baba a bayan babur ɗina. Ya ɗauki ƙwarya ya fi ashirin, kowace ya ƙwanƙwasa ta da farce ya kara a kunne ya ajiye. Yana neman mai kauri daidai, wadda ta bushe a kan uwarta, ba tsagu ko kaɗan, bakinta kuma a zagaye. Mai ƙwaryar har ta gaji da mu ta koma hira da maƙwabciyarta. Fatar guza kuwa wani ɗan'uwansa ne ya aiko da ita daga ƙauye. Na tambaye shi me ya hana a sa ta akuya tunda ita ce a wadace. Ya ce ana sawa in an rasa, amma muryar takan yi nauyi. Ta guza siririya ce kuma ga ƙarfi, ita ke ba goge wannan amon mai kama da muryar mutum. Muka jiƙa ta ta kwana, da safe muka ɗora a bakin kumbo. Shi yana ja, ni ina kafa ƙananan ƙusoshi, ɗaya a nan ɗaya a can daura da shi, don kada ta karkata. Muka ajiye a inuwa, ya hana a sa a rana, ya ce fatar da aka yi wa gaggawa ba ta daɗewa. Da ta bushe ya yanka rami zagayayye a gefe guda da wuƙa mai kaifi, ta nan murya ke fita. Sanda kuma ta ratsa ta ƙarƙashin fatar, ƙarshenta ya leƙo ta ɗaya gefen, a nan ake maƙala gindin tsirkiya.

Tsirkiyar goge ba igiya ɗaya ba ce kamar yadda na zata. Tarin gashin wutsiyar doki ne a jere, tsagiya ake ce mata. Wajen masu dawaki muka samo, Baba ya nace sai na ingarma, ya ce na goɗiya fitsari yakan raunana shi. Na yini guda ina tsince gashin ɗaya bayan ɗaya, ina fitar da masu ƙulli da masu karyayyen baki, ina jera su kai ɗaya. In gashi guda ya hau kan ɗan'uwansa, za ka ji shi a kiɗi kamar tsakuwa a tuwo. Aka ɗaure sama da igiyar fata a jikin sanda, aka cusa jaki a ƙarƙashi, wato ɗan itacen da ke ɗaga tsagiya daga kan fata ya kai mata girgizar. Izga ita ma gashin dokin ne a jikin ɗan lanƙwasasshen baka. Na ƙarshe shi ne ƙaro, abin nan da na tarar yana murzawa ranar farko. Ana goga shi a izga da tsagiya don su kama juna. In babu shi izga sai ta yi ta zamewa ba sauti. In ya yi yawa murya ta shaƙe.

Mako uku aikin ya ci. Ranar Litinin da ta biyo baya na shiga aji da gogen a cikin buhu, na zana shi a allo babba, na rubuta sunan kowane sashe da Hausa, yaran Zabarmawa suka faɗi nasu sunayen muka ƙara a gefe. Mai tambayar nan ta kwafe shi a littafinta, ta ce za ta nuna wa kakanta in an yi hutu.

Daga nan wahala ta fara. Ana zama ne a ɗora kumbo a cinya, hannun hagu ya riƙe sanda, dama ta ja izga. Yatsun hagu ba sa danne tsagiya har ta taɓa sanda kamar na gita. Taɓa ta kawai ake yi da cikin yatsa, kuma babu wata alama a jikin sanda da za ta gaya maka nan ne wurin. Kunne ne kawai. Mako biyu Baba bai bar ni na sa yatsa ko ɗaya ba, izga kawai, tafi da dawowa, har sai sautin ya fito a miƙe ba rawa. Kafaɗata ta yi ciwo, wuyan hannuna ya sage. A gida ba wuri, ɗaki biyu gare mu da yara huɗu, don haka nakan tsaya a aji bayan an tashi in yi rabin awa ni kaɗai. Mai gadin lakol ya saba, har yakan jawo kujera bakin ƙofa ya zauna.

Yadda Baba ke koyarwa ya sa na sake fahimtar harshena. Ba ya cewa ga wannan sauti ga wancan. Cewa yake, "Faɗi sannu da zuwa." In faɗa. "Sake, a hankali." Sai na lura muryata tana sauka tana hawa: ƙasa, sama, ƙasa, sama, ƙasa. "To, sa shi ya faɗa." Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, shi ya sa kalangu ke magana, shi ya sa goge ke kiran sunan mutum a taro ya waiwayo. Kwana da kwanaki ina fama da waɗannan gaɓoɓi biyar. Ranar da suka fito, wani mai sarewa yana shigowa tsakar gidan, na kaɗa masa, ya amsa da baki, "Yawwa, sannu kadai," ya wuce abinsa bai ma duba wanda ya kaɗa ba. Na ajiye izga hannuna na rawa. Bayan gaisuwa sai sunaye, bayan sunaye sai kirari gajeru, sannan take. Kowane take akwai maganar da ke ƙarƙashinsa, kuma Baba ba ya yarda ka kaɗa abin da ba ka iya faɗa da baki ba.

A cikin wannan lokaci ne yayana ya bugo waya daga Tawa. Bayan gaisuwa ya ce, "An ce an gan ka a Katako da mai goge a bayan babur."

Na ce, "Gaskiya ne, Yaya. Koyo nake yi."

Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce, "Ka san gidanmu. Ka san abin da ake cewa ɗan goge."

Na sani. Tun muna yara goge a bakin mutane yana tafe da bori da gidajen shan giya, kuma malamai sun daɗe suna ambatonsa a wa'azi. Ban ɗauki maganar yayana a matsayin duhun kai ba, har yau ban ɗauka ba. Mutuncin gidan mahaifinmu yake tsaro, kuma tun rasuwar tsohon shi ne uba. Na kai maganar wurin Baba. Bai ɓoye mini komai ba. Ya ce a ƙuruciyarsa ya kaɗa wa 'yan bori a ƙasarsu, haka ya tarar ana yi, daga baya ya bari. Ya ce kuma ya kaɗa wa manoma a gayya, ya kaɗa a bukukuwan samariya, ƙungiyoyin matasa, a zamanin shugaba Kunce, ya kaɗa wa amare. "Mushe, goge ba shi da ƙafa. Inda ka kai shi nan zai je." Ni da idona na ga ana kiran la'asar yake jingine shi ya ɗauki buta, ko da a tsakiyar kiɗi ne. Na sake kiran Yaya na yi masa alkawari uku: ba zan kai shi wurin bori ko mashaya ba, ba zan yi roƙo da shi ba, ba zai shiga tsakanina da salla ba. Ya ce, "To, Allah ya tsare." Bai sake tayar da maganar ba, bai kuma taɓa cewa in kaɗa masa ya ji ba. Haka muke har yanzu, kuma yana damuna.

Darasi awa biyu ne, amma ba na barin wurin sai magariba, saboda tsakar gidan. Ana dafa shayi a inuwa, ana zuba na ɗaya da na biyu da na uku, kuma a nan ake jin duk labarin da ke akwai: wace ƙungiya ce aka gayyata waje, wa ke shirin shiga gasar Ɗan Gurmu, wadda aka fara tun 1987 don tunawa da tsohon mai gogen garinmu, wa ya samu aikin biki, wa fatar gangarsa ta fashe yana neman aro. Hira na juyawa daga Hausa zuwa Zabarmanci zuwa Faransanci a cikin magana ɗaya. Tsofaffi sukan tuna yadda ƙungiyar Mamar Kassey ta taso a wurin a 1995, da sarewar Yakuba Mumuni a gaba, suna faɗa wa samari don su san gargajiya ma tana kai mutum nesa. Sukan kuma yi maganar da ba daɗi: biki da yawa yanzu na'ura ake ɗaukowa a kunna, mai kalangu ya zauna wata guda ba a kira shi ba. Na ga mutanen da hannunsu ya ƙware fiye da misali suna lissafin kuɗin taksi na komawa gida. Wannan ya sa na daina ɗaukar zuwana a matsayin abin sha'awa kawai.

Mu 'yan wajen Baba, da wasu masu kalangu da gurmi, muna da ɗan zumuncinmu. Kowace Asabar kowa ya ajiye dala ɗari. Da aka ga ni mai rubutu ne aka ɗora mini littafin, aka kuma ce ni zan riƙa sanar da mutane a WhatsApp. Da farko rubutawa nake yi, sai na ga rabin dattawan ba sa amsawa. Telan ya ce in riƙa yi da murya. Tun daga nan kowace Alhamis da dare nakan ɗauki saƙo sau biyu, da Hausa sannan da guntun Zabarmancina. Da matar wani mai kalangu ta haihu, da kuɗin nan muka sayi goro da dabino muka je suna da sassafe, da yamma aka yi wa mata kiɗi, ni ina kan ƙwarya. Da wani tsoho mai gurmi ya kwanta asibiti, muka raba kwanaki, kowa da ranar da zai kai abinci. Ya tashi, amma hannunsa na hagu bai dawo daidai ba. Yanzu yakan zo ya zauna ya gyara wa yara riƙo da baki, kuma ba a fara shayi sai ya iso.

Azumi ya faɗo a cikin bazara, muka jingine kiɗi gaba ɗaya. Watan ya zama na gyara: aka sauya fatun da suka gaji, aka sake tsagiyoyi, aka shafe ƙura. Bayan salla na nemi izini na kawo 'yan ajina su ga ɗakin kayan kiɗa, su hamsin da 'yan kai, da iyaye mata biyu masu taya ni tsaro. Yaron da a aji ba ya buɗe baki shi ya tsaya gaban algaita yana ba 'yan'uwansa labarin yadda ake busa wa sarki a Damagaram, garin kakanninsa.

Tun watan Mayu aka fara maganar 21 ga Yuni, ranar kiɗa, wadda aka ƙirƙiro a Faransa a 1982 kuma ta zama al'ada a Yamai. Baba ya ce ɗalibansa za su fito, kuma zan ja take biyu ni kaɗai da 'yan ƙwarya. Na ce masa ban kai ba. Ya ce shi ma ya sani, amma ba a kaiwa a ɗaki. Muka shiga gwaji sau uku a mako, ga zafin Yamai da ke wuce digiri 40, ga shirin jarrabawar ƙarshen shekara a lakol. Nakan iso da jan biro a aljihu da gumi har cikin takalmi.

Daren 20 ga wata aka yi ruwa mai ƙarfi. Da na ciro gogen daga buhu da yamma, fatar ta saki, jaki ya nutse, murya ta koma kamar ta mai mura. Gabana ya faɗi. Na kai wa Baba, ya danna fatar da babban yatsa, ya nuna mini gawayin mai shayi. Na tsuguna na riƙe kumbo nesa kaɗan da wutar, ina juya shi a hankali, ina ƙwanƙwasawa da farce kamar yadda ya yi a Katako, har amon ya fara dawowa sama. Da na ɗaga kai sai na ga masu kalangu biyu da mai ganga a layi a bayana, kowa da nasa a hannu. Damina haka take yi wa duk mai fata.

An shimfiɗa tabarmi, aka jera kujeru, mutanen unguwa suka cika wurin, yara a gaba. Matata ta zo da 'ya'yanmu, mai gadin lakol ma ya zo da rigarsa ta salla. Samari masu gita suka yi nasu, sannan aka kira mu. Na zauna, telan da ɗalibin jami'a a hagu da dama, Baba a bayana kaɗan ba goge a hannunsa. Na fara da sannu da zuwa, wasu tsofaffin mata suka amsa, sai na ji ƙirjina ya buɗe. Take na farko ya tafi lafiya. A tsakiyar na biyu iska mai ɗanshi ta taso, fatar ta sake sakin jiki kaɗan, yatsana ya sauka inda ya saba amma sautin ya fito ƙasa da wurinsa, na rikice na tsaya cak. 'Yan ƙwarya ba su tsaya ba. Suka riƙe ƙafar kiɗin suna zagayawa, telan yana kallona yana gyaɗa kai a kan kowane zagaye. Ta bayana na ji Baba yana faɗin maganar taken da baki, ƙasa-ƙasa, yadda ni kaɗai zan ji. Na bi bakinsa, na matsar da yatsuna sama kaɗan, na shiga a zagaye na uku. Muka kai ƙarshe tare. Wata tsohuwa ta taso ta manna mini dala ashirin a goshi. Na tuna alkawarina da Yaya, na cire na sa a ƙwaryar telan.

Da aka watse ina naɗe tabarmi, Baba ya karɓi gogen ya duba tsagiyar, ya tsinke gashi biyu da suka karye, ya ce gobe in sa shi inda iska ke ratsawa, kada in bar shi a buhu. Sannan ya nuna mini wasu yara biyu da ke tsaye da mahaifinsu, 'yan shekara goma ko sha ɗaya, an kawo su za su fara a hutun nan. Ya ce, "Ran Laraba ka zo da wuri, Mushe. Kai za ka fara musu ƙwarya, ni gwiwata ba ta son zaman ƙasa da damina. In kun gama sai mu koma kan take na biyun nan."